Tunkiyar da Aka Tsinta a Gonar Wake

Na ga kana ta zuba bayananka a manhajar nan ta waya mai haɗa mutum da masu irin ra'ayinsa: unguwarku, wurin aikinka, har lokacin da kake barin gida. Ajiye wayar tukuna ka ji.

Wani manomi ya tsinci tunkiya a gonarsa ta wake. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba shi da linzami. Ranar kasuwa ya tafi cigiya. Ƙa'idar cigiya kuwa sananniya ce: ka ce an tsinci dabba, ka ja bakinka, mai ita ya zo ya faɗi kamanninta. Shi ko gogan naka, don ɗokin a san yana da amana, sai ya zayyana komai: fara ce, da baƙi a kunnen hagu, da shuɗiyar igiya a wuya, ga tsohon ciki. Wani da ke zaune a teburin mai shayi ya kwashe tsaf. Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar manomin, ya jero kamannin nan ɗaya bayan ɗaya, har da share hawaye. Manomi ya kwance tunkiya ya miƙa masa, ya raka shi da addu'a.

Bayan kwana biyu sai ga wata tsohuwa ta sha tafiya. Tunkiyar nan ita kaɗai ta mallaka, haihuwarta take jira. Ba ta ambaci kunne ko igiya ba. Cewa ta yi, "Malam, ka duba ƙarƙashin cikinta, akwai tabon cizon kare, ni na yi jinyarta da hannuna." Manomin ya san tabon, ya gan shi ranar da ya ɗaure ta. Ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Tsohuwa ta juya ta kama hanyar ƙauyensu ita kaɗai, kuma har yau in na tuna ta sai tausayi ya kama ni.

To manhajar kirki irin cigiyar kirki ce: ta gwada bayananka da na wani a rufe, ta gaya muku inda kuka dace kawai. Wadda ke baje ka a faifai kuwa, duk maƙaryacin da ya karanta zai iya zuwa maka a siffar abokin da kake nema. Shi ya sa Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.