Burodi Mai Ɗumi

Mai gidan burodi ya ajiye ledar burodi mai ɗumi a kan teburin falo, ƙamshi ya cika ɗakin. Malama ta kau da kai. Aurensu ya matso, amma yau ko zama bai yi ba.

"Da hannuna na kwaɓa miki," ya ce.

"Na gode, Yaya. Ai na faɗa maka likita ya hana ni burodi da shinkafa da kayan zaƙi. Sai ganye da ƙwai da kifi, sai motsa jiki."

"Likita." Ya juya kalmar a bakinsa kamar ya tauna tsakuwa. "Shi ya ce ki riƙa zagaya filin makaranta da safe, maza na kallonki?"

Ta juyo ta dube shi. Ko ƙanwarta ba ta san da zancen filin ba.

"Lafiyata nake nema. Suga ne ya kashe Baba, ka sani."

"Ni a haka na gan ki, a haka nake son ki. Idan kin rame, wa za ki burge?"

Ya ɗauki igiyar tsallenta daga kan kujera, yana naɗe ta a hannu a hankali, har yatsunsa suka yi ja. Da ɗaya hannun ya gutsuro burodin, ya kai dab da leɓenta. Yana murmushi, amma idanunsa a bushe suke.

"Ci."

Ta dubi burodin, ta dubi igiyar.

"Na ƙoshi," ta ce.

Ya taka a hankali ya rufe ƙofar falon daga ciki.