Rigar da Ta Ƙi Bawa

Zif ɗin ya zo daidai cibiyar Bawa ya tsaya cak. Ya shanye ciki, ya riƙe numfashi, ya sake ja, amma baƙar rigar robar ta ƙi haɗe baki. Saura kwana tara gwaji.

Shekara guda ke nan da yanke jihar Zamfara, ana ta ɗibar ma'aikata, har da masu ceto a ruwa. An kawo rigunan nutso daga ƙasar waje, masu lafewa a jiki kamar fata, aka ba kowane mai neman aikin guda ɗaya. Sharaɗin a fili yake: wanda rigarsa ba ta rufe ba, ba za a goya masa tukunyar iska ba, balle ya shiga ruwa. Wadda aka ba Bawa ita ce mafi girma a cikin kwalin, amma masu ɗinkinta ba su taɓa ganin ƙirjin ɗan masunta na bakin kogin Gagare ba.

Duk Kaura Namoda babu mai daɗewarsa a ƙarƙashin ruwa. Gado ya yi wurin mahaifinsa Gwadabe, wanda ya fito da mutum shida ranar da kwalekwalen 'yan kasuwa ya kife, ya koma neman na bakwai, har yau ba a ga ko hularsa ba. Tun daga ranar Bawa ke dako a kasuwar hatsi yana ciyar da gida. Wannan aiki shi ne ƙofa ta farko da ta buɗe masa.

Da ya faɗa wa mahaifiyarsa Ladidi, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar gero ba. "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ta ce. Bai yi mamaki ba. Shi ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko zazzaɓi yake sai dai ta aiko da kunu ta hannun maƙwabciya.

Ya kai rigar wurin abokinsa Rufa'i mai faci a bakin tashar jirgi.

"Wagga riga ta mutane ce, Bawa, kai ko rumbu ne," in ji Rufa'i yana dariya. Duk da haka ya tsaga ta gefe da gefe, ya ƙara robar tiyub mai faɗin tafin hannu, ya manne, ya bi da baƙin zare. Bawa ya gwada a shagon, zif ya tafi har wuya. Rufa'i ya gargaɗe shi kada ya bar ta a rana.

Ladidi, wadda ta tashi gidan dukawa masu ɗinkin fata a Shinkafi, ta juya ɗinkin ta duba, ta ce hannun mai facin ba laifi. Ta ce a rataye rigar a ɗakinta kusa da randa, can ya fi sanyi.

Bayan kwana uku zif ya tsaya a ƙirji.

Bawa ya ɗora laifin a kan tuwo. Ya daina cin na dare, ya bar fura, kullum daga sallar asuba sai ya kama layin dogo da gudu har rana ta ɗaga. In ya dawo yakan tarar da gida yana warin ƙonanniyar roba, don damina ce, itace jiƙe yake, ba ya kamawa sai da ɗan abin kunnawa. Ladidi tana gaban murhu, yatsanta ɗaya ɗaure da tsumma. Ƙaya ce, ta ce.

Ya ƙulla igiya daidai kugunsa yana awo. Igiyar tana saki, rigar tana matsewa.

Ya koma wurin Rufa'i ransa a ɓace. Rufa'i ya ɗora hannu a kan facin ya auna. "Wallahi tafin hannu na sa. Mi ya cinye ta?"

"Kai za a tambaya. Ruɓaɓɓar roba ka sa min."

Suka rabu ba sallama, abota ta shekara goma. Wani mai facin ya ƙara masa wata robar. Kwana biyu, ita ma ta tsuke.

Ranar gwaji, a bakin dam, mutum biyu suka taru suna jan zif ɗin, Bawa yana tsaye jiri na ɗibarsa don yunwa. Zif ya zo ƙasan haƙarƙari ya tsaya. Mai kula da gwajin ya duba agogo, ya kira suna na gaba. Bawa ya zauna a kan dutse yana kallon waɗanda shi ya koya wa iyo suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar ya shigo gida, ya jefar da rigar a tsakar gida, ya durƙusa.

"Inna, ban samu ba. Jikina ya cuce ni."

Ba ta dube shi ba. "Tashi ka ci tuwo," ta ce. Ya ci yana share ido da bayan hannu, ta ƙara masa miya sau biyu.

Da ya fita masallaci, Ladidi ta ɗauki carbinta ta yi istigfari har ya zagayo, ta roƙi Allah ya shirya tsakanin ɗanta da Rufa'i. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ajiye reza da basilla, ta jefa a wuta siririn yankin roba na ƙarshe da ta yanko daga rigar da safen nan, tana cewa a hankali, "Gwadabe, wannan kam ban ba ruwa shi ba."