Sadakar Ukun Malam Tanimu

Tun da aka kafa dokar ɓoye mazaunin 'yan gudun hijira, aka rarraba mutanen Tungar Makau garuruwa daban-daban don kada maharan da suka kore su su biyo sawu. Dokar ta yi aiki ƙwarai, domin ko danginsu ba su gano su ba.

Ranar sadakar ukun mijinta, Inna Tasalla na zaune ita kaɗai da ƙwaryar gumbar da ba mai ci, sai ga jami'ar hukumar kare haƙƙinsu ta yi sallama.

"'Yar nan, a faɗa wa mutanenmu Malam Tanimu ya rasu mana. Ko mutum biyu su zo mu zauna."

"Inna, idan muka faɗa, mun tauye miki haƙƙin tsaro. Amma kina da haƙƙin ta'aziyya, shi ma doka ta tanada."

Ta ajiye wata 'yar na'ura a kan tabarma, ta danna. Muryoyin mutanen Tungar Makau, da hukumar ta naɗa tun ranar da ta karɓe su, suka riƙa fitowa bi da bi, kowa na yin ta'aziyya. Ga Kande mai ƙosai, ga Liman Sabo. Inna na amsa wa kowa, "Da godiya."

Sai wata murya ta yi gyaran maƙogwaro, ta ce, "Ya aka ji da haƙuri?" Malam Tanimu ne.

Jami'ar ta yi wuf ta kai hannu. "Kuskure ne, Inna, bari in goge shi."

Inna ta riƙe mata hannu. "Bar shi, 'yar nan. Shi kaɗai na san inda yake."