Minti Goma Sha Ɗaya

Minti nawa ne suka isa a yanke wa mutum hukuncin tsufa, a raba shi da aikinsa? A ofishin da ke hawa na biyu, goma sha ɗaya suka wadatar.

Ofis ne mai tsauri: ba a makara, ba a cin abinci a kan tebur, ba a ɗaukar 'yan gida ɗaya aiki. Mai buga takardunsa ta shekara ashirin da uku a kujera ɗaya. Yatsa Goma ake kiranta, domin ba ta kallon madannai idan tana bugu. Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka ta shekara tara, harafin "a" ya goge, murfin an ɗaure shi da salatif, batirin kuwa ba ya riƙe wuta. Amma da tsohuwar manhajar da ke tafiyar da ita, kafin a gama gaisuwar safe ta farka. Shafi arba'in suke fitarwa a yini.

Sai aka ɗauki wata matashiya, sabuwar fitowa daga jami'a, a kan gwajin wata shida. Injiniya ake ce mata. A taronta na farko ta yi alkawarin ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutocin ofis goma sha huɗu, ba tare da ta bar ko ɗaya ba.

Goma sha uku suka karɓa lafiya, domin sababbi ne. Ranar da aka zo kan ta goma sha huɗun, Yatsa Goma tana ofishin Manaja. Injiniya ta zauna a kujerarta, ta shigar da kalmar sirri, ta fara aiki. Gargaɗi ya fito a fuskar kwamfutar cewa ƙwaƙwalwar na'urar ta yi wa wannan manhaja kaɗan. Ta karanta shi sau biyu, ta tuna alkawarinta, ta danna a ci gaba.

Daga ranar kwamfutar ta koma ɗaukar minti goma sha ɗaya kafin ta farka. Fankar cikinta ta riƙa kuka kamar injin niƙa. Sai a buga jimla guda, a naɗe hannu, sannan haruffa su fito ɗaya bayan ɗaya. Shafi arba'in suka koma goma sha biyar.

"Yatsa Goma, yau yatsu nawa suka rage? Uku?" in ji direban ofis.

"Yi dariyarka, ɗan nan," ta ce. "Tsufa ne, yana tafe kanka."

Ta fara zuwa awa guda kafin kowa don ta kunna na'urar. Ta ɗora ta a kan littattafai biyu ko ta sha iska. Mai shara, wadda suka daɗe tare, ta ce mata, "Yaya, ki faɗa musu mana. Tun da yarinyar nan ta taɓa abin nan ya lalace."

"Yarinyar ta san aikinta," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Manaja ya kira Injiniya ya yi mata tambaya ɗaya: "Na'urar ce, ko matar?" Saura mako uku gwajinta ya ƙare. Ta rubuta rahoto mai layi biyu, cewa ta duba dukkan kwamfutoci goma sha huɗu kuma suna aiki yadda ya kamata. Ba ta ce matar ce ba, kuma da wannan ta riƙa lallashin kanta. Amma ta san wanda aka ba zaɓi biyu ya kawar da ɗaya, ya riga ya nuna ɗayan.

Ranar ƙarshe ga wata aka ba Yatsa Goma wasiƙu biyu ta buga: ta sallamarta, da ta tabbatar da Injiniya a aiki. Tata ta buga ta ajiye gefe. Ta biyun ta karanta sau uku, ta shafe ta da tafin hannu don kada ta yamutse, ta kai da kanta.

"Allah ya sanya alheri, ranki ya daɗe," ta ce, tana murmushi.

Injiniya ta karɓa. Kwana huɗu abinci bai yi mata daɗi ba.

A taron farkon mako ta shigo da kwamfutoci biyu: ta Yatsa Goma, da wata irinta sak da ta ciro daga ɗakin ajiya, mai tsohuwar manhaja. Ta jera su gaban Manaja, ta kunna su tare. Ta ɗakin ajiya ta farka cikin daƙiƙa arba'in. Ɗayar ta soma kukanta.

"Kada kowa ya tashi," ta ce. "Ku jira abin da take jira kowace safiya."

Suka zauna. Direba ya daina murmushi a minti na huɗu. Manaja ya duba agogo har sau biyar. Da fuskar kwamfutar ta haska, Injiniya ta miƙe.

"Na ga gargaɗin, na tsallake shi. Rahotona ƙarya ne. Kun tambayi na'ura ta bakina, amma babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa mace mai shekara ashirin da uku a aiki ta yarda a kira ta tsohuwa ba ta kare kanta ba. Babu wanda ya tambayi yadda na san kalmar sirrinta."

Ta ajiye wasiƙar tabbatarwarta a kan tebur.

"Ku aika a kira ta yau, ku mayar mata da kujerarta, ku karɓi tawa. Sannan ku ciro takardar neman aikina, ku gyara inda na rubuta cewa ba ni da kowa a ofishin nan, domin kalmar sirrin ranar haihuwata ce, kuma matar da kuka sallama ita ta haife ni."