Muryar Malam a Cikin Gishiri

Tun da aka fara adana muryoyin mamata a cikin dunƙulen gishiri, Lantana ta daina murnar damina. Ta naɗe muryar mijinta a tsumma, ta binne cikin shinkafa kusa da murhu, amma sai da laima ta same ta.

Ta kai wa mai gyara a kasuwa. Ya kara dunƙulen a kunne, ya girgiza kai.

"Inna, ya sha danshi. Maganar duk ta narke, gyaran murya kawai ya rage."

"Ba ni abina, ɗan nan. Da shi Malam yake shigowa gida."

Ta karɓa, ta yi maza ta kau da fuska, kada hawaye ya ɗiga a kansa.