Tsayin Dogo

"Cire takalmin," na ce wa yaron. "Har da safa."

Aikina shi ne zaɓo matasan 'yan ƙwallon kwando da manyan ƙungiyoyi za su ɗauka nan gaba, kuma na sha ganin ha'inci. Wani ya cusa soso a takalmi, wani ya tara suma kamar gammo. Kocin wannan ya rantse yaron ya haura mita biyu. Na jingina shi da bango, na danne sumar, na auna. Bai kai ba.

"Malam koci, ni za ka raina wa hankali?"

"Wallahi jiya na auna shi."

Mahaifin yaron, wani gajeren dattijo, yana tsaye a gefen ɗansa. Shi ma na harare shi, don watakila bakinsu ɗaya. Wayarsa ta yi ƙara, ya fita.

Ƙofar na rufuwa, sai kan yaron ya wuce alamar mita biyu da na zana a bangon. Ashe gwiwoyinsa a lanƙwashe suke cikin faffaɗan wandonsa.

"Me ya sa?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, ban taɓa miƙewa sosai a gaban Baba ba."