Sunanki a Gidan Sultana

Benen ya girmi iyayensu, amma gyaran da ya sha ya mai da shi ango a tsakiyar unguwar Sultana ta Madina. Badaru ya buɗe ƙofar shaƙƙar sama, wato sashen da ke saman benen, ya kauce don Innayatu da goggonta Hajo su shiga.

"Ciniki ya faɗa," in ji shi. "Sai dai baƙo mai iƙama, takardar izinin zama, irina ba ya mallakar gida a Madina. Dillali ya ce in kawo ɗan ƙasa a sa sunansa."

Innayatu haihuwar Madina ce, Hausa tana jinta sarai, amma kullum da Larabci take mayarwa. Ta shafa katakon taga, ba ta dube shi ba.

"Ɗayyib, fi Awwalu," in ji ta, wato to, ai akwai yayanta Awwalu.

"Ba sunan yayanki nake so ba. Naki nake so."

Goggo Hajo ta sulale madafa. Badaru ya ɗago makullin gidan a tafinsa.

Can Innayatu ta miƙo hannu, ta karɓe shi. Da Hausa ta yi magana, karon farko a kunnensa:

"To ka sani, Malam, gidana ba a saukar da tuzuru."

Daga madafa, Goggo Hajo ta rangaɗa guɗa.